Auren Magarya Sha Huɗu

Akwai wata Alhamis a farkon watan Maris da har yau in na tuna ta sai na ji raina ya ɓaci sabo. Ku da kuka shigo aikin mashtal kwanan nan, wato gidan renon itatuwa, gara ku ji daga bakina kafin wani ya ƙara mata gishiri.

A lokacin shekarata tara a Jidda, ni ne babban mai kula da dashe. Mai gidana Abu Yasir ne, haifaffen nan, jikan wasu mutanen Kano da suka zo hajji suka zauna. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Matsalarsa ɗaya: ya ɗauka ya iya Hausa. Yana ji, amma rabi da rabi, kuma ba ya taɓa cewa bai gane ba.

Mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, tana da wata magarya a tsohon gidansu na unguwar Bani Malik, marigayi mijinta ne ya dasa ta. 'Ya'yanta manya ne, kusan girman ƙwan zabo, ga zaƙi. Ban taɓa cin irinta ba ko a gida. Da aka sayar da gidan, wanda ya saya ya ce zai sare ta ya yi wurin ajiye mota. Hajiya ta sa aka kira ni.

"Malam Haladu, iccen nan kaɗai nake so a ɗauko mini daga gidan nan. Za ka iya?"

Na ce mata tsohon icce irin wannan ba ya ƙaura, amma irinsa yana ƙaura, in Allah ya yarda.

Ga waɗanda ba su sani ba, in ka shuka ƙwallon magarya ba lallai ta haifi irin uwarta ba. Sai dai a yi mata aure. Za ka yanko reshe mai kaurin fensir, mai ido uku ko huɗu, ka fiƙe gindinsa gefe biyu. Sai ka nemi magaryar daji mai ƙarfin saiwa, ka datse ta, ka tsaga, ka cusa reshen yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo. Ka naɗe da leda tam, ka ƙulle, ka kifa wata ledar a kai saboda iska. Daga nan sati uku ba mai taɓawa. In aka motsa shi kafin ya kama, shi ke nan.

Ranar Talata da sassafe na yanko rassa sha huɗu, na naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu. Ina sa su a mota masu zarto suna shiga gidan. Na wuce istirahar Abu Yasir, wato gidan hutunsa da ke bayan gari, inda magaryar daji ta fito da kanta a jikin katanga, na yi aikina kafin rana ta ɗaga. Da azahar ya kira ni a waya.

"Ya Haladu, halas? An gama?"

"Halas. Na ɗaura musu aure, sha huɗu cif. Kowanne na ƙulle shi da kyau. Don Allah kada kowa ya kwance sai bayan sati uku, in ba haka ba aikin ya karye."

Sai ya ce, "Ɗayyib," wato to. Ni kuma na ɗauka mun gama magana.

Ranar Alhamis bayan la'asar na koma ba su ruwa. Tun daga ƙofa na hango ledoji a tare wuri ɗaya. Abu Yasir yana tsaye da almakashi, kusa da shi wani mai ruƙiyya riƙe da bokiti. Sun bi ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya, suna karanta Falaƙi da Nasi suna kwancewa. Rassan kuwa, duka sha huɗun, suna cikin bokitin ruwan gishiri. Tun safe suke ciki, sun yi baƙi.

Na ce, "Inna lillahi! Abu Yasir, me na gani haka?"

Ya daka mini tsawa. "Inta tas'alni? Ni za ka tambaya? Shekara tara kana cin abincina, ya shekh, ka zo ka yi mini ƙulli a sidir, a jikin magarya? Da bakinka ka ce ka ɗaure aure. Auren wa? Nawa? Na ɗana Yasir?"

Sai a lokacin na gane. A nan garin, ƙulli a jikin magarya abu ɗaya yake nufi ga mutane: sihiri. Ga kuma baƙon ma'aikaci yana cewa ya ɗaura aure, kada a kwance, aiki zai karye. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Na yi ta cewa tat'im ne, tat'im, kalmarsu ta Larabci ta wannan aiki. Na ɗauko reshe na nuna masa fiƙar. Ya ce ai dama masu yin abin ba sa rasa bayani. Mai ruƙiyyar ma, da ya kamata ya tambaya tun farko, sai gyaɗa kai yake yi. Wallahi da ƙyar na riƙe bakina.

Na ce a kira Hajiya. Ba ya so, amma ya tura direba ya ɗauko ta. Ta sauko da sandarta, ta saurari ɗanta har ya gama, ta juyo gare ni.

"Me ka ce masa daidai?"

Na maimaita. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙofar mota.

"Ya waladi, ba ka taɓa jin mangwaro mai aure ba? Kakanka ma aikinsa ke nan a gona kafin ya taho. Auren icce ne, ba naka ba!"

Tana cikin dariyar idonta ya faɗa kan bokitin. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Malam Haladu, ko ɗaya bai tsira ba?"

Na ce, "Ko ɗaya, Hajiya."

"A koma a yanko wasu mana."

Na gaya mata tun ranar Talata aka sare iccen, aka tone kututturen, jiya kuma aka zuba siminti. Da idona na gani.

Abu Yasir ya yar da almakashin, ya kama kan uwarsa yana sumbata yana "Samhini ya ummi." Ni ma ya ba ni haƙuri, har sau uku. Na karɓa, amma ba zan yi muku ƙarya ba, raina bai huce ba sai bayan watanni. Hajiya ba ta yi masa faɗa ba. Ta zauna a bakin mota ta ce, "Ba laifinka ba ne. Hausar tuwo da miya na koya maka, ban koya maka ta gona ba."

Da na nutsu na ga nawa kason. Na san kalmar tat'im sarai. Daɗin samun wanda zan yi Hausa da shi ne ya sa na yi magana kamar ina garinmu Gwarzo, ban tsaya na tabbatar ya gane ba.

Shi ya sa kuke ganin ba na taɓa iccen kowa sai mai shi yana tsaye, ya ga tsagar, ya ga ƙullin, ya ɗaura guda da hannunsa. Kuna cewa na cika ɓata lokaci. Ku yi ta faɗa. Na yi wa itatuwa aure ba adadi a garin nan, amma duk shekara in magarya ta nuna Hajiya takan aiko a saya mata a kasuwa, ta ɗanɗana ɗaya ta ture sauran.