Rufewar Kwana Tara

Mutumin da muka zauna benci ɗaya da shi tun aji ɗaya na firamare, shi ya ɓata mini suna. Na gina rufewa a makarantarsu. Da tana tsaye ya ce tasa ce, ranar da ta faɗi ya ce tawa ce. Abin da ya yi mini ke nan, ban ƙara masa komai ba.

Ni maginin rufewa ne, wato rumbun ƙasa da ake zuba hatsi. Haka ubana, haka kakana. Kafin wannan, daga Sabon Birni har Isa babu wanda zai nuna maka rufewar gidanmu da ta taɓa zubewa, sai dai wadda aka cinna wa wuta, wannan kuwa ba laifin magini ba ne. Na taɓa boko kaɗan. Na tsaya aji biyu na ƙaramar sakandare, shekarar da bayan tsohona ya ƙi miƙewa aka ce in zo in karɓi laka. Shi abokin nawa ya ci gaba. A lokacin ni ke yi masa lissafi, shi yana riƙe mini takalmi in za mu ƙetare gulbi. Yau shi ne mataimakin shugaban makaranta, yana da tabarau da jaka mai zif. Ni kuwa ina da faso har cikin damina.

Bara da kaka ya tsaya ƙofar gidana a kan babur, bai ko kashe injin ba.

"Ɗan ajinmu, arziki ya biyo ka har gida."

"To ya sauko mana, ko shi ma sauri yake?"

Ya sauko. Ya ce wata ƙungiya daga birni ta kawo shirin ƙarin ilimi don yaran ƙaramar sakandare, mako shida, kwana uku a mako, bayan an tashi daga karatu, kuma shi aka ba riƙon shirin. Na tambaye shi mi ya sa sai da kaka, lokacin da kowane gida ke neman hannun yankan gero. Ya ce haka takardar ta zo. Wai a ƙasar waɗanda suka tsara abin, lokaci ne da yara ba su da abin yi sai kallon ganye yana zuba. Na ce Allah ya ba mu irin wahalarsu.

Akwai ajin kwamfuta, mai kwamfuta guda da ke aiki ranar da janareta ya sami mai. Akwai ajin muhawara, akwai ƙwallo. Sai na ƙarshe, fasahar gargajiya, wanda takarda ta ce dole a yi, kuma a cikin malaman babu wanda ya taɓa kwaɓa laka.

"Malami za a riƙa ce maka," in ji shi.

Ba zan ɓoye ba, wannan kalmar ce ta kama ni. 'Yata tana aji biyu a makarantar, daidai ajin da na tsaya, kuma sunanta yana cikin shirin. Na so ta ga ubanta a gaban aji ko da sau ɗaya, ko da ajin a gindin bedi yake, wato itacen dogon yaro.

Yara ashirin da 'yan kai aka ba ni. Fiye da rabinsu 'ya'yan waɗanda suka gudo ne daga wajen Gatawa da Gangara, suna zaune a ɗakunan aro cikin gari. Da yawansu sun ga rufewa tana ci da wuta, amma ba su taɓa ganin ana gina ta ba. Ga mu muna koyon ginin wurin ajiyar hatsi, iyayensu kuwa gonar ma ba ta zuwuwa. Na yi tunanin haka ranar farko, na haɗiye, na ce su tuɓe takalma.

Na gaya masu rufewa doka ɗaya gare ta, ba a yi mata gaggawa. Ana jera duwatsu don kada ta zauna a ƙasa, a shimfiɗa itace, a yi daɓe. Laka a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana uku har ta fara wari. Sannan a ɗora taƙi ɗaya, tsawon buɗin hannu, a zagaye, a tafi gida. Sai ya sha iska ya bushe a ɗora wani. Wanda ya ɗora ɗanye a kan ɗanye, ruwa ya rufe a ciki, kuma ruwan zai nemi hanyar fita da kansa.

Yaran sun kama. Da farko 'yan matan suna ƙyamar warin laka, zuwa mako na biyu su ke korar maza daga wurin kwaɓi. 'Yata hannunta ya fi na kowa, bangonta siriri kamar na kakanta. A gindin bedi tana ce mini Malam, da mun shiga gida ta ce, "Baba, Malam ya ce a ƙara maka tuwo." Uwarta ta yi ta dariya. Ni ma, in gaya maka gaskiya, sai na fara sa rigar Juma'a in zan tafi, in tuɓe ta in rataye a reshe.

Shiga mako na huɗu rufewa ta kai kafaɗata. Saura inda take tsukewa zuwa wuya, wurin da ya fi kowane wuyar aiki. Sai ga mutumina da jakarsa.

"Baƙin ƙungiya da za su zo ganin aiki sun matso da ranar zuwansu. Alhamis mai zuwa za su zo."

"Sai su ga rabin rufewa, su ga yadda ake yi."

"Ba a nuna wa baƙi rabin abu."

"To ka rubuta wa laka takarda, ka gaya mata an matso da rana."

Ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Na ce ni ma haka, taƙi shida suka rage, kuma ko gwamna zai zo ba za ni ɗora biyu a rana ɗaya ba. Ya gyara tabarau ya tafi.

Washegari aka aiko gwaggona ta rasu a Kamarawa. Na tafi na yi zaman makoki na kwana uku. Laraba da la'asar na dawo, na tarar da 'yata a zaure. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"Baba, an gama rufewa."

Na ajiye jaka na nufi makaranta. Tun daga bakin hanya na hango ta, kore da fari, tana ƙyalli. Ashe mutumina ya sa yaran sun ɗora taƙi shida a wuni ɗaya da rabi. Ya ɗauko birkila ya shafe ta da siminti ciki da waje, aka bi da fenti. A maimakon jinka an kifa mata kwano. A gabanta an kafa allon ƙarfe, an rubuta Ingantacciyar Rufewar Zamani, a ƙasa an sa wanda ya ƙirƙiro ta, ga sunan mutumina da haruffan karatunsa suna biye da shi kamar 'yan rakiya. Bokona bai yi nisa ba, amma ya isa in karanta cewa sunana babu shi.

Na same shi yana jera kujeru.

"Ka rufe ɗanyar laka da siminti? Ta ina za ta sha iska?"

"Ɗan ajinmu, wanga shi ake kira ci gaba. Kai dai ka tsaya inda ka tsaya."

Alhamis baƙi suka zo da farar mota biyu. An kafa rumfa, yara sun yi waƙar maraba. An zaunar da ni a bencin baya tare da iyaye, aka miƙo mini lemo. Don a nuna rufewa tana aiki, ya sa iyayen da suka sami ɗan abin da suka noma sun kawo aron gero, dami wajen arba'in, an cika ta har wuya. Ya tsaya gabanta da sanda yana bayani. Ya ce sun ɗauki tsohuwar dabarar iyaye mai saurin lalacewa, sun inganta ta da ilimi. Aka yi tafi. Wata baƙuwa ta tambaya, wa ya yi aikin lakar? Ya ce yara ne, da taimakon wani lebura na gari. 'Yata ta juyo daga cikin layi ta dube ni. Ni kuwa na dubi kwalbar lemo, na karanta duk abin da aka rubuta a jikinta.

Da aka watse na ja mutum biyu daga cikin masu geron, na ce su kwashe abinsu tun yau. Ɗayan ya dafa ni ya ce, "Haba magini, hassada ba ta kamace ka ba. Ka ga siminti fa."

Kwana tara ta yi. Ranar na goma da hantsi, yara suna aji, ta fashe daga kafaɗa ta zube. Allah ya tsare babu kowa kusa. Da na isa na tura hannu cikin bangon da ya karye, laka ta kama mini yatsu kamar ƙullu. Geron da ke jikin bango ya fara baƙi, yana tsami. Awakin unguwa sun riga shugaban makaranta isa wurin. Kafin azahar allon ƙarfe ya ɓace, sai ramin ƙafafunsa biyu.

An kira taron iyaye, ni ba a kira ni ba, ko da yake ni ma uba ne. Maƙwabcina ya kawo mini labari. Mutumina ya miƙe cikin alhini ya ce sun amince da maginin gari, ashe aikinsa ba shi da ƙwari, kuma ba don simintin da ya sa aka ƙara ba da ko kwana uku ba ta yi ba. Haka ya rubuta wa ƙungiya. Ka ga ranar na tashi daga lebura na koma magini. Ƙarin girman da na samu a shirin ke nan.

Wani dattijo na Kamarawa da ya yi mini maganar rufewa biyu a wurin makoki ya aiko cewa ya sake shawara. Wani na nan gari ya ɗauko magini daga ƙetaren iyaka. A kasuwar Isa ina cinikin igiya wani ya ɗaga murya, "A'a, Malam mai ta kwana tara, ana nan?" Ban da ta makaranta, kakar nan gaba ɗaya rufewa ɗaya na gina, ta surukina, shi ma kunya ce ta hana shi fasawa, kuma kullum sai ya zagaya ya ƙwanƙwasa ta yana kasa kunne.

Yara ashirin da 'yan kai sun san gaskiya, da hannunsu suka ɗora lakar. Amma wa ke tambayar yara? 'Yata ta miƙe a ajin muhawara ta fara faɗi, aka ce ta fita daga maudu'i, ta zauna. Ita ce daga baya ta gano allon a bayan banɗakin makaranta, an kifa shi an rufe da kara. Ita da ƙawarta suka jawo shi har gida. Na dube shi na ga ƙarfe ne mai kyau, sai na ɗaure shi da waya ya zama ƙyauren shingen awakina da ke ƙofar gida, rubutun yana kallon hanya.

Bana da kaka, ina zaune ina gyaran lauje, sai ga mutumina a kan babur. Sabo ne, wancan ya tsufa. Wannan karon ya kashe injin, ya yi sallama, har ya tambayi iyali.

"Ɗan ajinmu, abin da ya wuce ya wuce."

"Ya wuce ina? Ni ban ga wucewarsa ta nan ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce an sabunta shirin. Hoton rufewar ya shiga rahoton ƙungiya, yanzu wasu manyan baƙi suna son su zo su gan ta da idonsu, nan da mako biyar. A wurin kuwa babu komai sai tsibin ƙasa da ɓaraguzan siminti. Ya nemi magina biyu, duk sun ce ba su taɓa wurin da aikin gidanmu ya faɗi.

"Wanga karon za a sa sunanka," in ji shi. "A ƙasa, amma za a sa. Kuma ba za a taɓa maka laka ba."

Yana cikin magana wata akuya ta tura ƙyaure da kai, ƙarfen ya yi ƙara. Ya waiwaya. Na ga idonsa yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshen karatunsa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ina ka samo wanga?"

Na ajiye lauje na miƙe, don in ce masa ido cikin ido.

"Inda ka ɓoye shi. Saurara, ɗan ajinmu. Za ni gina maka, taƙi ɗaya a rana, don yaran nan, ba don baƙinka ba. Amma kafin in taɓa laka, ka kwance allon nan da hannunka, ka ɗauke shi a ka, ka bi ta cikin kasuwa, ka mayar da shi ramukansa a gaban ɓaraguzan. Ya tsaya can kwana tara, daidai kwanakin da ta yi tsaye da sunanka. Ranar na goma ka tara iyayen da ka tara bara, ka sa ni a bencin gaba, ka gaya masu wa ya rufe ɗanyar laka da siminti. In ba ka iyawa, ga hanya nan, ka hau baburinka. Allon kuwa ka bar shi, awakina sun saba da sunanka."