Karan Dafin Inna

Shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, malaman gona suka zo Tafoki da sabon irin dawa, gajera, wadda aka haɗa a wurin bincike. Maigidana suka zaɓa ya noma ta, a raba wa jama'a iri baɗi. Ni kuwa a gefen gonar nan nake da kunya biyu na karan dafi, jar dawar nan da dukawa ke rina fata da ɓawonta. Inna ta bar mani irin kafin ta rasu, kuma duk na zuba shi a ƙasa, ko ƙwaya ban rage ba.

Da dawa ta fara fidda kai, malamin gona ya tsaya a zaure ya yi mani bayani. Wai iska za ta kwashi garin furen tawa ta kai wa tasu, 'ya'yan su fito gauraye. Sai dai a sare.

Na ce, "Ikon Allah! Ita baƙuwa, ita ce da korar 'yar gida? Ku ɗauke taku."

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma ban ga dalilin da tawa ce za ta mutu ba.

Malam maigidana ya yi lallashi, ya yi faɗa, na ce ko kara ɗaya. Sai ya jira na tafi suna Pauwa, ya sa lauje. Na dawo na iske kututture. Wallahi na yi kuka, kuma har aka yi girbi tuwo kawai ke haɗa mu.

Ashe ya makara, fure ya riga ya tashi. Da damina ta zagayo, duk wanda ya shuka irin nan sai ga jajayen kara sun yi zaƙo-zaƙo sama da gajerar dawarsa. Ƙauye ya ɗauki guna-guni, Malam ya kasa zama majalisa.

Ni ko a jikina. Na bi gona-gona ina cewa, "Kada ku tuge, nawa ne, ku bari su nuna." Wasu suka yi dariya suka bari. Na yanko zangarniya cike da ƙwarya, na dire gaban Malam.

Ya ce, "Ke, ai wannan ba na Inna ba ne, gauraye ne."

Na ce, "Jikokinta ne. Kuma baɗi tsakiyar gona za su zauna."