Abin da Katin Bai Ɗauka Ba

Bayan rasuwar yayana, matarsa ta aiko min da tsohuwar kwamfutarmu daga unguwar Hindawiyya, a nan ƙasa mai tsarki, irin wadda ake jonawa da talabijin, haɗe da kwali cike da kaset. A kaset muke ajiye wasannin kwamfutar muna yara. Ban yi kuka a maƙabarta ba, da na buɗe kwalin ma ban yi ba.

Wani mai gyaran waya a unguwar Mahjar ya haɗa wa kwamfutar wata 'yar na'ura mai karɓar katin memori. Ya ce, "Juye su duka a kati, halas, an gama. Wa ke ta kaset yanzu?" Na zauna ina juyewa, don dai in sami abin yi.

Ashe yayana ba ya sayen sabon kaset. Waɗanda dangi ke aiko mana da saƙon murya ta hannun alhazai, su yake ɗauka ya naɗi wasa a kai. A wani kaset, ƙarar wasan na yankewa sai muryar kakarmu ta Kano ta fito daga tsakiyar magana: "…ku gaya wa babban ya riƙe ƙaninsa, kar ya bar shi shi kaɗai a ƙasar mutane."

Wasan ya shiga katin lafiya lau, nan take yake buɗewa. Muryar ce dai babu wurinta a ciki. Na zare kaset ɗin, na saka na gaba.