Orval da Jar Waya

Shekara talatin da ɗaya Orval Pruitt ya yi yana gyaran wutar mota a garejinmu na garin Saginaw, da kayan aiki guda: fitilar gwaji mai tsini. In ya taɓa waya ta kama, akwai wuta. In ba ta kama ba, babu. Iliminsa ke nan kaf, kuma da shi ya aurar da 'ya'ya uku.

Sai aka kawo mana sabon manaja, Garrett, mai tsabtar farce. Ya ajiye wa Orval mitar gwajin lantarki a kan benci, ya ce:

"Baba, motocin yanzu kwamfuta gare su, fitilarka ƙona su za ta yi. Nan da Juma'a ka iya wannan, ko ka je gida ka yi renon jikoki."

Orval ya dage. Ya sayo tabarau, ya bar cin abinci da mu, sai ya zauna a motarsa cikin sanyi da burodi da littafin mitar, leɓɓansa na motsi. Batirin rediyo, batirin agogo, babu wanda bai auna ba.

"Tsoho, auna min kofin nan, ko da sauran zafi?" in ji Lonnie, mai gyaran birki.

Ni kuwa na laƙaba masa Farfesa, sunan ya bi shi.

Mitar tana da rami biyu na jar waya: ɗaya na auna ƙarfin batir, ɗaya na auna wutar da ke zurarewa. In wayar na rami na biyu ka ɗora ta a kan batir, fis ɗin ciki ya ƙone, ko ƙara ba za ka ji ba. Daga nan, duk zurarewar da ka auna sifili za ka gani.

Ranar Alhamis Orval ya shiga banɗaki, Lonnie ya sauya ramin, ya ɗora a kan batir, fis ya ƙone, ya mayar. A garejinmu kowa an taɓa yi masa irinta; ni man giris aka cika min takalmi. Muka ƙunshe dariya.

Da Juma'a aka kawo motar wata nas wadda batirinta ke mutuwa kullum. Garrett ya tsaya a kan Orval. Orval ya cire wayar batir, ya haɗa mitar a tsakani, daidai yadda littafi ya ce.

"Sifili ne. Babu abin da ke shan wuta, batirin ne ya tsufa."

Ya waiwayo yana murmushi, yana jira mu yaba. Lonnie har tafi ya yi masa.

Aka sa sabon batir. Litinin da safe aka jawo motar, nas ɗin na zage-zage, ta rasa aikin asuba. Garrett ya ce Orval ya kwashe kayansa.

Bai yi musu ba. Ya zaro tsohuwar fitilarsa, ya cire wayar batir, ya sa ta a tsakani. Ta kama jajir: ashe akwai abin da ke shan wuta. Ya zagaya baya ya murɗe ƙwan wutar cikin but, wanda ba ya mutuwa ko an rufe but ɗin, fitilar gwajin ta mutu.

Ya ajiye wa Lonnie mitar a hannu.

"Riƙe, ɗana. Kaina ne ya tsufa, ba na ganewa."

Lonnie ya karɓa, har da godiya. Babu wanda ya faɗa masa abin da aka yi wa mitar, har ni mai bakin. Yanzu Orval kekunan tura kayan masu sayayya yake tattarawa a bakin wani babban kanti, in ya hango mu sai ya ɗago hannu.