Kimba Mai Inji Ba Ya Mantuwa

Kimba bai taɓa zama a aji ba, amma a Kaoje kaf babu injin ban-ruwan da ya gagare shi. A ƙasar Benin ya koyo gyara, shekara tara yana wanke wa maigidansa kusoshi da fetur. Kunne kawai yake kasawa, inji na tari ya gaya maka inda ciwon yake. Sai dai fa mutumin akwai riƙo, Allah ya kyauta!

Da wani kamfanin shinkafa ya kafa babban inji don shayar da fadamar gari, Kimba ya shiga layin neman aiki. Akawunsu Albashir, wani ɗan ƙwalisa daga Bagudo, ya ɗaga takardar Turanci mai gida biyu: na ƙwararru da na leburori.

"Baba, ina satifiket?"

Kimba ya miƙa hannuwansa.

"Wannan ai baƙin mai ne. A Turance, ƙwararre mai takarda ake nufi."

Albashir ya rubuta shi cikin leburori, layi ya ɗauki dariya. Kimba ya ƙulla dariyar nan a ransa. Ya rantse sai Albashir ya durƙusa masa gaban jama'a.

Rani ya tsananta, shinkafa ta ɗauki ciki, sai inji ya shaƙe. Injiniyan kamfanin ya kwance, ya ɗaura, a banza. Tun ranar farko Kimba, daga kan gaɓa, ya ji ƙarar ya san datti ne ya toshe hanyar mai. Aikin minti goma! Ya koma inuwa ya ɓare goronsa.

Dattawa suka roƙe shi, ya ce, "Wanda ya rubuta ni shi zo da bakinai." Albashir kuwa girman kai ya hana shi. Sai rana ta shida ya zo, ya zube cikin taɓo, wando fari fat, yana "Baba, ka yi mini rai." Kimba ya bar shi nan har kowa ya gani, sannan ya ɗauki sifana. Kafin a ce kwabo ruwa ya ɓarke. Ranar ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, ba ya ɓoyewa.

Yau kowa a Kaoje gwani yake ce masa. Amma ruwan ya iske gonakin ƙarshen magudana sun riga sun ƙone, har da ta yayarsa Mero. Bana da mudu take sayen shinkafa, kuma duk buhun da ya aika mata, a ɗaure yake dawowa.