Kujerar Takarda ta Yaya Issaka

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar yayana Issaka, kafinta a unguwar Nima, kuma har yau in na ga buhun siminti a yashe sai na ji kamar in ɗauka in kai masa. Da takardar buhun yake tunani. Kafin zarto ya taɓa katako sai ya yanka ta da almakashi, ya liƙa da ɗan tuwon banku, ya tsayar da abin a tafin hannu. Abokan sana'a suna tsokanarsa wai wasan yara yake yi. Shi ko a jikinsa, yakan ce gani ya kori ji.

Lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Babanmu, wata bakwai bai je Juma'a ba. Keken guragun da muka samo masa ya ƙi shan kwanar lungunmu, ga kwata a gefe. Baba ba ya ƙorafi, amma in an kira salla sai ya juya fuska bango. Wallahi abin yana cin raina.

Yaya ya auna lungun da igiya, ya gina irinsa da kwali har da kwatar, ya yi ta tura kujerun takarda a ciki. Shida ya murƙushe a yini ɗaya. Ta bakwai, mai taya ɗaya a gaba, ta wuce sumul. Da Baba ya gan ta sai ya ɓata rai, ya ce shi ba buhun doyar kasuwar Agbogbloshie ba ne da za a tura shi a baro. Nan take Yaya ya ƙara mata majingina da wurin ɗora hannu, ya sake nuna masa. Baba ya gyaɗa kai, sannan aka sayo katako.

Yau jikokin Yaya a waya suke zane. Na san ba zai hana su ba, sai dai ya tambaye su ko sun je sun auna lungun.

Da Yaya ya rasu bai bar gida ba, bai bar shago ba. Kujerar kuwa tsofaffi huɗu ta kai masallaci bayan Baba. Ranar farko da suka dawo daga masallaci da Yaya, Baba ya riƙe hannunsa, harshe na masa nauyi, ya ce, "Issaka, Juma'a mai zuwa ma."

Baba bai sake rasa ko ɗaya ba har ya koma ga Allah. Allah ya haskaka kabarinsu duka.