Bututun Ido da Ƙarin Gishiri

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ciwon da ke biyo bayan ritaya: ka tashi da safe bakinka cike da magana, babu ajin da za ka juye wa. Haka na zauna a Rano bayan na bar koyarwa. Matata ta gama haddace labaraina, 'yan majalisa kuwa da sun ga na gyara murya sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Ana haka ciwon ido ya same ni. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, ko da yake ba jini ba ne, ruwa ne. Ido yana yin ruwansa a ciki, yana da 'yar magudanar da ruwan ke fita. Tawa ta toshe, ruwan yana danne jijiyar gani yana kashe ta a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi. Na hagu ya riga ya tafi kafin in farga. Na dama na ɗiga masa magani har na gaji, awo bai sauka ba. Shi ne aka ce za a dasa mini wani ɗan bututu siriri a cikin idon, ya riƙa janye ruwan zuwa ƙarƙashin fatar ido ta sama, jiki ya shanye.

Ga yadda aikin ya kasance, tsakanina da Allah. An yi mini allura a gefen ido, aka lulluɓe mini fuska da ƙyalle. Ban ji komai ba sai ɗan danne-danne, ina jin ma'aikatan suna hirar ruwan da aka yi a unguwarsu. Tsoro dai na ji shi iya ji. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa. Sai da wata nas ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, ka yi haƙuri ka daina rawar jiki, gadon kake girgizawa."

Da za a sallame ni likita ya ce bututun ba ya dawo da abin da ya tafi, tsare abin da ya rage yake yi. Ya kuma ce ciwon yana bin dangi, in kawo 'yan'uwana a auna su tun da wuri. Nan take Yaya ya faɗo mini a rai, wana da muke ciki ɗaya, manomi a Durba. An jima ana cewa ya fara girman kai, wai sai a miƙo masa hannu daga gefe ya wuce bai karɓa ba. Ya ajiye kekensa, ya daina zuwa kasuwar Kibiya. Na san wannan girman kan, domin ni ma na yi shi. Ido ne yake mutuwa ta gefe. Na ƙudurta da na ji sauƙi zan kai shi.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Na zauna a zaure da baƙin tabarau, aka jingina mini matashi. Ranar farko gaskiya na faɗa, na ga fuskoki sun saki. Wani ma ya ce, "Ashe abin ba wani abu ba ne," aka koma zancen taki. Raina ya sosu ƙwarai. Ido guda gare ni, an shiga cikinsa da wuƙa, a ce taki ya fi ni?

Washegari wani dattijo makiyayi daga Saji, tsohon abokin arziki, ya matso ya rage murya. "Malam, wai da gaske ne ciro idon ake yi, a ajiye a faranti, a gyara a mayar?"

Duk 'yan zaure suka juyo gare ni. Rabon da in ga idanu sun zubo mini haka tun ina aji. A'a kawai zan ce a wuce wurin. Sai na ji bakina ya ce, "Hmm, kai dai bari."

Shi ke nan. Kafin mako ya zagayo idon ya fito, yana kan faranti yana kallona ina kallonsa da na hagun da ba ya gani, kuma babu wanda ya tambaye ni yadda aka yi haka. Bututun da bai kai tsinken tsintsiya kauri ba ya kusa zama tiyon ban ruwa. Nas ɗin da ta riƙe ni ta koma tana mamakin jarumtata. Matata takan tsaya a bayan ƙofa idan baƙi sun tafi ta ce, "Malam, jiya a faranti ka ce, yau kuma a kwano?" In ce mata mai ciwo ba ya son yawan tambaya.

Ranar Juma'a Yaya ya zo. Ya gaishe ni, ya lalubi kusurwa ya zauna. Na gan shi sarai. Amma zaure a cike yake, har da masu tsayuwa a waje, na ba da labarin da duk kayan miyarsa. Da aka watse na gyara zama na isar masa da saƙon likita. Ya saurare ni har ƙarshe, ya jawo takalminsa.

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji shi. "Ni da idona za a binne ni, a inda Allah ya ajiye shi."

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi, kuma a gonar ɗan'uwana. Na kira shi a waya, ya ce aiki ya yi yawa. Na aika masa, ya aiko da gaisuwa. Kullum na tashi sai in tuna ruwan nan yana can yana danne masa jijiya, ba ya jiran a gama noma. Tsoro ya kama ni wanda ya fi na ɗakin tiyata.

Da likita ya yarda in yi tafiya, na hau mota zuwa Kibiya, na hau acaɓa zuwa Durba. Gero ya yi tsawo, ya fara kai. Na sami Yaya a ƙofar gida bayan la'asar, na zayyana masa komai yadda yake, har rawar jikin da girgiza gado. Ban taɓa ba da labarin da na fito a cikinsa ba daraja kamar wannan ba, kuma ko murmushi bai yi ba.

"To wanne zan ɗauka, Malam?" Yana kirana Malam ne idan yana son ya tuna mini shi ya goya ni. "A zaure babu abin da kake nema a wurina. Yanzu kuwa so kake ka kai ni."

Na rantse, na sake rantsewa. Ya ce in bar rantsuwa, ba ta da kyau ga dattijo.

Rana ta yi sanyi, ya tashi ya raka ni bakin titi ta 'yar hanyar da ta ratsa gonarsa. Muka yi sallama. Na ɗan yi gaba na waiwaya, sai na gan shi tsaye inda na bar shi, yana juya kai dama da hagu yana neman bakin hanyar, hanyar da ƙafarsa ce ta fitar da ita. Na koma na ce na manta ban gaida iyali da kyau ba. Ya kama hannun rigata. Muka shiga cikin geron, baƙo yana raka mai gida.

Mun kusa gida ya tsaya.

"Ranar kasuwa ka zo mu je asibitin," ya ce a hankali. "Amma idan sun ciro shi, ka tsaya a wurin. Ka tabbatar sun mayar mini."

Na buɗe baki zan sake yin bayani, sai na ji ya ƙara damƙe hannun rigata.

Na ce, "Zan tsaya, Yaya."